Hanyar Burji da Kejin Aku: Nasiha ga Samarin Kankiya da Kusada

Ya ku ƙannena samarin Kankiya da Kusada, abubuwa biyu nake so mu zanta a kansu, waɗanda mai duban sama-sama zai ce babu abin da ya haɗa su, watau tuƙi a hanyoyin burji da suka ratsa ƙauyukanmu, da kuma kiwon aku da tsirya, wanda na ga ya fara shiga ran waɗansunku. Amma wanda ya yi tadabburi zai ga wuri guda suka dosa, domin a hanyar daji babu jami'in da zai tsai da kai ya nemi lasin, tsuntsun keji kuwa, duk da surutun da aka san shi da shi, ba shi da bakin da zai kai ƙararka gaban alƙali. Saboda haka a wuraren nan biyu babu mai tsaron mutum sai abin da ke cikin zuciyarsa na tsoron Allah.

Kowa ya san babban titin da ya taso daga Kano, ya bi ta Bichi da Tsanyawa, ya shigo mana ta Gidan Mutum Ɗaya, ya ratsa Kankiya ya wuce Charanchi har birnin Katsina, kuma kowa ya san na Ingawa da na Dutsinma. Ba a kansu maganata take ba. Ina magana ne a kan waɗanda mutum ke faɗawa cikinsu idan ya sauka daga kwalta ya nufi unguwanni da rugagen da ke kewayen Rimaye ko Kafin Soli ko Sukuntuni, ko na bayan Mawashi da Kaikai, hanyoyin da mafi yawansu ƙafar mutum da kofaton jaki ne suka fara shata su tun kafin a san akwai wani abu wai shi mota. A farkon shekarar 1851 Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya bi ta Kusada a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Kano, tare da fatake da dabbobinsu, a cikin 'yan kwanaki ya yi tafiyar da a yau direba ke yi tsakanin hantsi da azahar. Ya kamata mai mota ya riƙa tunawa da wannan, domin shi ne baƙo a waɗannan turbobi. Mai jaki da mai amalanke da matar da ta ɗauko ƙwaryar nono su ne 'yan gida.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi a buɗe ba. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a zaure ya san hukuncin da aka kawo cewa mai koran dabba, da mai janta, da mahayinta, dukansu masu lamuni ne ga abin da ta taka ta ɓata. To, idan mahayin doki, wanda abin hawansa ke da rai da son zuciya irin nasa, bai kuɓuta daga lamuni ba, ina kuma wanda ke riƙe da sitiyari, abin da ba ya juyawa sai ya juya shi, ba ya gudu sai ya taka masa totur? Na sha jin samari, bayan sun buge akuyar wani ko sun tattake shukar wani, suna cewa ai ƙaddara ce. Gaskiya ne babu abin da ke fita daga ƙaddara, amma imani da ita bai taɓa ɗauke wa mai ganganci biyan abin da ya ɓata ba, kuma wanda ya gudu ya bar mushen a hanya don babu wanda ya gan shi, bashi ne ya ɗauka wanda za a biya a ranar da babu naira babu kwabo.

Tafiyar daji tun daga gida ake fara ta. Kafin ka tayar da inji, duba baƙin mai da ruwan lagireto da man birki, ka zaga tayoyi huɗu ka duba safaya, domin safayar da babu iska a cikinta kaya ce kawai kake ɗauke da ita. Ka tabbata akwai jak da sifana da famfon iska, da igiya mai ƙarfi, da shebur ko da ƙaramar fartanya ce, da jarkar ruwa wadda za ta isa mota ta isa mutane. Ka faɗa wa wani a gida inda ka nufa da lokacin da kake sa ran komowa, saboda akwai kwarin da waya ba ta kamawa. Dattawan direbobin da suka yi zamani da akori-kurar Peugeot, waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, ba su da rabin kayan da kuke da su yanzu, amma suna da wata ɗabi'a wadda na ga tana ƙaranci: sukan saurari motarsu. Ƙarar da ba a saba ji ba, warin roba mai ƙuna, allurar zafi da ta ɗan haura, duk sukan tsaya su bincika tun abin yana ƙarami, alhali saurayin yau ya ƙure waƙa har ba ya jin lokacin da salansa ta faɗi. Idan kuwa inji ya yi zafi, kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto sai ya huce, don ruwan da ke ciki a matse yake, yana iya tsiri ya saɓule maka fatar fuska.

Da rani abokan gabanka uku ne: yashi da gargada da ƙura. Yashin da ke kwance a gindin rafi busasshe ba ya son tsayawa kuma ba ya son gaggawa. Sai ka saka giya ta biyu tun kafin ka shiga, ka bi sawun waɗanda suka riga ka, ka tafi da ƙarfi madaidaici ba tare da fizgar sitiyari ba. In ka ji ta fara nutsewa, ɗaga ƙafarka nan take, domin kowane juyin taya bayan wannan kabari take haƙa wa kanta. Ka sauka, ka kwashe yashin gaban tayoyi, ka rage musu iska kaɗan don su baje, ka shimfiɗa kara ko rassa, sa'an nan ka fita a hankali, ka mai da iskar idan ka kai tsandauri. Gargada kuwa yaudara gare ta, saboda mai gudu yakan ji kamar ta lafa, alhali tayoyinsa ne suka daina kama ƙasa sosai, ranar da zai nemi birki ko ya zo kan kwana sai motar ta yi inda ta ga dama. Ku riƙe wannan lissafi: mai tafiyar kilomita 60 a sa'a yana cin kusan mita 17 a kowane sakan guda, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninkawa take sau huɗu, a kan kwalta ke nan, balle a kan tsakuwa. Ƙura kuma, ban da toshe matatar iskar inji, takan rufe maka ido idan ka bi bayan wata mota kurkusa, ta kuma zuba a cikin abincin masu talla da idanun yaran da ke gefen hanya. Wanda ya ratsa ƙauye ya bar mutane suna tari suna kaɗe riguna bai karya dokar kowa ba a takarda, amma ya cuci Musulmi, kuma sun san motarsa.

Damina ita ce babbar jarrabawa, musamman daga Yuli zuwa Satumba, Agusta kuwa ya fi kowane wata ruwa. Jar ƙasar da ta sha ruwan dare santsi take kamar miyar karkashi, birki mai ƙarfi a kanta juyar da mota yake, sai dai a sassauta da giya. Amma ba laka ce ke kashe mutane ba, rafi ne. Rafukanmu na yashi ne, suna iya kwana a bushe su wayi gari cike da bakinsu saboda ruwan da aka yi a wani gari can nesa wanda kai ko hadarinsa ba ka gani ba, kuma ruwan da ya kawo yakan kwashe ƙasar gindin kwalbati ya bar samansa a tsaye, mai zuwa ya ɗauka lafiya lau ne. Masana sun auna cewa ruwa mai gudu wanda zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, mai santimita 60 kuwa yana tafiya da mafi yawan motoci. Saboda haka idan ka iso bakin rafi ka tarar ya kawo, kashe mota ka sauka, ka gai da mutanen da ke wurin, ka tambaye su. A kowace mashiga akwai samarin da suka san inda dutse yake da inda rami yake, kuma abin da za ka ba su na goro bai kai kuɗin filogi ɗaya ba. In suka ce a dakata, dakata, domin irin wannan ruwa saurin janyewa gare shi, kuma ba a taɓa jin wanda ya mutu don ya yi sallar la'asar a wannan gaɓa maimakon waccan ba. In ka shiga, shiga da giya ta ɗaya, kada ka canja a tsakiya. In injin ya mutu cikin ruwa kada ka sake tayar da shi, don idan ya sha ruwa ta hanyar iska, yunƙuri ɗaya ya isa ya lanƙwasa masa ƙarfen ciki. In kuma ka haye, ka ɗan riƙa taɓa birki kana tafiya har ya bushe.

Akwai wani zalunci da ake yi da damina wanda ba a ɗauke shi zalunci ba. Hanya ta yi taɓo, sai direba ya kauce ta cikin gonar wani, na bayansa ya bi sawunsa, kafin mako ya zagayo an yi sabuwar hanya a kan kunya goma na geron talaka. Haka kuma garken shanu a burtali: tsayawa ake yi a kashe ƙaho har su wuce. Game da tafiyar dare kuwa ba zan tsawaita ba, kun fi ni sanin halin rashin tsaro da jiharmu ta shiga a 'yan shekarun nan. Ku nemi labarin hanya a tasha kafin ku kama ta, ku yi ƙoƙari magariba ta same ku cikin gari.

Yanzu sai tsuntsu, kuma a cikin mota ma maganarsa ta fara, domin da yawa daga akun da ke gidajenmu a bayan mota suka zo, cikin kwali ko ɗan keji, daga kasuwannin Kano ko daga Kudu. Aku mai launin toka da jar wutsiya ba ɗan yankinmu ba ne. Tsuntsun kurmi ne, mazauninsa dazuzzuka masu ruwa na kudancin Nijeriya da Kamaru da Gabon da Kongo, inda yake cin 'ya'yan kwakwar manja, yake kwana cikin babban garke, yake ƙyanƙyasa a kogon manyan itatuwa. Kafin guda ɗaya ya iso hannunka da rai, 'yan'uwansa da dama sun mutu a hannun masu tarko da cikin akwatunan masu safara. Wani bincike da aka buga a kan ƙasar Gana ya nuna cewa daga 1992 ta yi asarar kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akunta, kuma a taron ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da aka yi a Johannesburg a 2016 aka saka shi cikin jerin halittun da aka haramta cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Ra'ayina, wanda ba zan ɓoye muku ba, shi ne kada ku saya. Kowace naira da aka miƙa wa mai sayarwa aike ce zuwa ga mai tarko ya koma kurmi. Tsirya kuwa tamu ce, koriya mai dogon bindi da jan baki, namijinta da zobe a wuya, tana gida a kogon itace tana ɓarnar dawa da kaka. Amma yaran da ke sare bakin kogo da gatari don su ciro 'ya'yanta gidan suke rushewa gaba ɗaya, ga shi kuwa manyan itatuwan da ke da kogo, irin su kuka da ɗorawa da marke, kullum raguwa suke.

Wanda tsuntsu ya riga ya shigo hannunsa, ta gado ko kyauta ko saye, to ya san matsayinsa a shari'a. Malamai sun halatta tsare tsuntsu a keji, suna kafa hujja da hadisin ƙanen Anas ɗan Malik, yaron da ake wa alkunya da Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana ba, har ma ya tambaye shi labarinsa bayan ya mutu. Amma sun gindaya sharaɗin ci da sha da rashin cutarwa, saboda ɗaya hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, na matar da aka yi wa azaba a kan kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. A mazhabarmu ta Malikiyya nafaƙar dabba wajibi ce a kan mai ita, har littafin Muhtasar ya kawo cewa wanda ya ƙi, a sayar da ita a kansa.

Nafaƙar aku kuwa ba tsabar gyaɗa da gero ba ce kaɗai, ko da yake abin da aka fi ba shi ke nan. Wanda aka tsare a kan tsaba zalla ƙashinsa yakan yi rauni, gashinsa ya dushe, wani har ya riƙa faɗowa daga kan sanda yana karkarwa. A haɗa masa da gwanda da mangwaro da gwaiba da karas da kabewa, da ganyen zogale ko alayyafo, da ɗanyar masara in lokacinta ne, da ɗan ɗigon manja, da garin ɓawon dafaffen ƙwai jefi-jefi, a kuma bar shi ya sha hantsi, amma ba ranar azahar ta watan Afrilu ba. Gyaɗar da ta yi fumfuna guba ce gare shi, a zaɓe ta kamar yadda za a zaɓa wa mutum. Kada a ba shi fiya, ko cakulan, ko albasa, ko abin da ya ji gishiri. Kada kuma a ba shi shayi ko goro, duk da na san akwai masu tauna goro su miƙa masa don nishaɗi, saboda abin da ke hana ku barci a cikin goro bugun zuciya yake sa masa. Ruwansa a sauya kullum, a wanke mazubin.

Huhun tsuntsu ya fi namu saurin kamuwa, don haka a nisanta kejinsa daga hayaƙin murhu da na janareto, da maganin sauro na ƙonawa da na fesawa, har da turaren wutan da iyayenmu mata ke turara ɗaki da shi. Da hunturu a rufe kejin da dare da zane mai kauri a kau da shi daga bakin iska, da rana kuwa a riƙa yayyafa masa ruwa ko a ajiye masa kasko ya yi wanka, domin fatar ɗan kurmi ba ta saba da bushewar iskarmu ba. Yana buƙatar barcin sa'a 10 zuwa 12 cikin duhu da shiru. Kejin ya zama mai faɗin da zai buɗe fukafukansa duka biyu bai taɓa waya ba, marar tsatsa, da reshen gwaiba a ciki wanda zai riƙa ɓantara, don bakinsa bai san zaman banza ba. A raba shi da kaji da tantabaru, musamman idan aka ji ana mutuwar kaji a gari; kun dai san murar tsuntsaye ta fara bayyana a Nijeriya a Jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, kuma tun daga nan takan ɗaga kai lokaci bayan lokaci. In za a share kashinsa a fara jiƙa shi, kada a shaƙi ƙurarsa, a wanke hannu bayan an gama. Ku kuma sani ɗabi'ar tsuntsu ce ɓoye ciwo, saboda a daji wanda ya nuna rauni shi shaho ke ɗauka. Ranar da ka ga ya kumbura gashi, ya yi shiru, ya sauka ƙasan keji, to ciwon ya daɗe, a nemi likitan dabbobi a ranar, kada a tsaya jiƙa masa ragowar maganin mutane. In za a kai shi a mota, kada a saka shi a but, kada a bar shi ciki an rufe gilashi ko da na tsawon sallar azahar ne, a lulluɓe kejin da zane mai shan iska saboda ƙura.

Abin da ya fi wuya a haƙƙinsa shi ne zama da shi. Ba banza ba Abubakar Imam ya ɗora labaran Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937, a bakin aku har ya kai shi ga sarautar waziri; mutanenmu sun daɗe da lura da kaifin basirarsa. A Amurka wata malama mai suna Irene Pepperberg ta yi shekara 30 tana nazarin wani aku da ta kira Alex, daga 1977 har ya mutu a 2007, ya san kalmomi fiye da 100, yana bambance launuka, yana ƙirga abubuwa kaɗan. Halitta mai irin wannan hankali, wadda ta saba da garke, idan aka rataye ta a lungu babu mai kula ta, sai ta shiga fizge gashin ƙirjinta da bakinta har ta zama tsirara, mutane su ce aljanu ne, alhali kaɗaici ne. Ba a dukansa, ba a yi masa tsawa, ba a barin yara su tsokane shi da tsinke. In ya ciji mutum, galibi tsoro ne ya sa. Kuma ku kiyaye harshenku a gabansa, don ba abin da ka zauna kana koya masa ya fi kamawa ba, abin da ya fi ji ana faɗi da ƙarfi a gidan shi yake ɗauka. Akwai gidan da akunsu ke amsa sallama, akwai kuma gidan da ake gaggawar rufe keji da tabarma idan surukai sun zo.

Aku yana kai shekara 40 zuwa 60 a hannun mai kula, tsirya ma tana wuce 20. Saurayin da ya karɓe shi yana ɗan shekara 20, to ya san zai yi aure da shi, ya tafi ci-rani ya bar shi, wataƙila ma ya riga shi barin duniya. Don haka tun yanzu ya san wa zai riƙa ba shi abinci idan ya yi tafiya, wa kuma zai karɓe shi idan ta Allah ta kasance. Wanda ya ga ba zai iya ba, kada ya buɗe keji ya ce ya 'yanta shi, domin ɗan kurmin da ya tashi a hannun mutane ba zai san abin da zai ci a dajin Kusada ba, shaho ko yunwa ko yaran unguwa za su gama da shi cikin 'yan kwanaki. Ya nemi wanda ya san kiwonsa, mai haƙuri, wanda ke zaune a gida, ya ba shi kyauta tare da kejin, ya kuma gaya masa abin da tsuntsun ya saba ci da lokacin da ya saba barci.